Daga Abuja zuwa Chinade: Garin da ke cikin fayil da garin da ke ƙarshen hanya

Da zarar kaka ta yi, manoma suka kai amfanin gona gida, katunan gayyatar ɗaurin aure kan fara yawo daga tebur zuwa tebur a Sakatariyar Tarayya da sauran ofisoshin gwamnati na Abuja. Kaɗan ne daga cikin waɗannan aurarraki ake ɗaurawa a babban birnin. Mafi yawansu can gida ake kai su, garin da aka binne cibiyar uban amarya ko na ango, domin can ne dangi suke, can ne kuma limamin da ya raɗa wa yaron suna yake. Shi ya sa duk asubahin Juma'a a wannan lokaci za ka ga motoci suna fita ta Zuba ko ta Nyanya, kowacce ɗauke da abokan aiki uku ko huɗu, manyan riguna a rataye a baya, an nufi wani gari da wasunsu ba su taɓa takawa ba.

Da yawa daga cikin waɗannan matafiya sun san sunan garin da za su. Sun gan shi a kundin kasafin kuɗi, ko a jerin ayyukan mazaɓu, ko a takardar neman a biya ɗan kwangila. Abin da ba su sani ba shi ne tsawon hanyar da ke kai mutum can, da halin da take ciki, da fuskokin mutanen da ke zaune a ƙarshenta. Chinade, hedikwatar gunduma a Ƙaramar Hukumar Katagum ta Jihar Bauchi, na cikin irin waɗannan garuruwa, kuma tafiya zuwa can na da abin da za ta nuna wa ma'aikacin tarayya game da aikinsa.

Lissafi kafin a tashi

Mu huɗu muka yi wannan tafiya, dukkanmu ma'aikata, domin halartar ɗaurin auren ɗiyar wani abokin aikinmu Baguddire. Tun ana saura mako guda muhawara ta kaure a kan hanyar da za a bi, domin hanya biyu ce ke kai mutum Azare daga Abuja. Ta farko ta bi ta Keffi da Akwanga, ta haura Jos, ta gangara Bauchi, sannan ta miƙe ta Darazo da Kari da Misau. Ta biyu ta bi ta Kaduna da Zariya da Kano, ta karya gabas ta Wudil. Ko wacce aka ɗauka, sai an ci fiye da kilomita 600. Mai son hawa jirgi ma bai tsira ba, domin ko a Kano ya sauka ko a Bauchi, akwai sauran sa'o'i a mota suna jiransa.

Kowace hanya da abin da ake tsoro a kanta. Masu gudun ta Jos suna tuna hawa da gangara da kwanoni tsakanin Akwanga da tsaunukan Filato. Masu gudun ta Kaduna ba su manta da shekarun da masu garkuwa da mutane suka mayar da ita abin fargaba ba, har jama'a suka koma jirgin ƙasa, shi ma aka kai masa hari ranar 28 ga Maris, 2022. Ga kuma aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kano da aka fara tun 2018, wanda ya daɗe yana tilasta wa motoci haɗuwa a hannu ɗaya. A ƙarshe ta Kano muka zaɓa, da sharaɗin a tashi bayan sallar asuba, kada magariba ta riske mu a daji.

Sai batun kuɗin mai. Kafin a cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 a gidajen man gwamnati ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Motar da ke cin lita ɗaya a kowane kilomita 10 za ta sha kusan lita 130 zuwa da dawowa. A farashin naira 1,000, kuɗin ya kama naira 130,000, wato ya kusa ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wannan lissafi ne ya dawo da karo-karo a tsakanin ma'aikata. Waɗanda a da kowa ke tuƙa motarsa shi kaɗai, yanzu sai su tara kuɗi su shiga ɗaya, a riƙa karɓeɓeniyar tuƙi. Zumunci a ƙafa yake, amma a yau ƙafar sai an zuba mata mai.

Tafiyar mutum huɗu a mota ɗaya tana da tata ƙa'ida. Muƙami kan tsaya a ƙofar Zuba. Wanda ke mataki na 16 da wanda ke na 12 duk sun koma "Malam" da "Alhaji", wanda ya fi iya tuƙi shi ne shugaba, wanda ya fi shekaru shi ke jan sallar ƙasaru. Hirar da ba a iya yi a ofis saboda kunnen bango, a nan ake yin ta: ƙarin girman da ya makale, kuɗin makarantar yara, da fargabar ranar ajiye aiki.

Inda tagwayen hanya suka buɗe

Bayan Kano, Wudil ce ke fara gwada haƙurin matafiyi. Ranar Juma'a kasuwarta ke ci, manyan motocin shanu da na hatsi kan cunkushe bakin gada, sai an bi a hankali. Daga nan hanya ta nufi Shuwarin da ke kusa da Dutse, ta wuce Kiyawa, ta shiga Jihar Bauchi ta ɓangaren Jama'are.

Wannan ita ce hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda tarihinta kaɗai darasi ne ga duk mai hulɗa da fayil ɗin kwangila. A 2006, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka bayar da aikin mayar da ita tagwaye, aka yanka ta kashi biyar: Kano zuwa Shuwarin, Shuwarin zuwa Azare, Azare zuwa Potiskum, Potiskum zuwa Damaturu, sai Damaturu zuwa Maiduguri. Gwamnatoci suka zo suka wuce, kuɗin da ake ware mata duk shekara ba ya isa, aikin yana tafiyar hawainiya. Sai da aka fara tara kuɗi ta hanyar takardun lamuni na Sukuk daga 2017 sannan aka ga motsi na sosai. A ƙarshen 2021 aka ƙaddamar da kashi na biyu da na uku, waɗanda suka haɗu a Azare. Shekara 15 ke nan tsakanin sa hannu da yanke ƙyalle. Yaron da aka haifa a shekarar da aka bayar da aikin ya kusa gama sakandare kafin a miƙa shi.

Duk da haka, wanda ya san hanyar a da zai yaba. Mota takan miƙe ba gargada, babu fargabar tirela ta fito maka a hannunka. Ƙasa ta baje, duwatsun Dutse sun koma baya, sai kuka da gawo da tsamiya jefi-jefi a gonakin da aka girbe, ga kara an tsayar buka-buka. A Jama'are aka tsallaka kogin da ya taso daga tsaunukan Filato, wanda ke gangarawa arewa maso gabas ya haɗu da na Haɗeja, ruwansu ya nufi Tafkin Chadi. Da rani za ka gan shi ya janye ya bar yashi da fadamun albasa da shinkafa. Da damina kuwa wani abu ne daban. A watan Agustan 2024 ambaliya ta yanke wannan babbar hanya a cikin Ƙaramar Hukumar Katagum, ƙasa da shekara uku da ƙaddamar da ita, matafiya tsakanin Kano da Arewa maso Gabas suka koma dogon zagaye. Injiniyan da ya auna faɗin kwalbati, da jami'in da ya sa hannu cewa aiki ya kammala, da wanda ya amince a biya, duk suna da rabo a cikin abin da ya faru a wannan wuri, ko da ba su taɓa zuwa ba.

Shiga Azare

La'asar sakaliya muka shiga Azare. Alamar farko ita ce yawan babura da Keke Napep, sai gidajen mai, sai masu rake da kankana a bakin titi. Bayan sa'o'i kusan goma a zaune, mutum kan shiga baƙon gari da kunnuwa a buɗe, kuma abin da kunne ya fara kamawa shi ne harshe. Hausa ce, amma da wani ɗanɗano nata: Guddiranci, karin harshen ƙasar Katagum, wanda masanin harshe Dauda Bagari ya yi nazari a kansa. Ita kanta kalmar Guddiri tana ɗauke da tarihi, domin ana fassara ta da "ƙaramar Barno", tunin zamanin da wannan yanki ke ƙarƙashin inuwar daular Barno.

Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta a jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19. Ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, ya kuma kafa garin Katagum ya mai da shi mazauninsa. Baƙi da dama kan ruɗe a nan: garin Katagum na asali yana can arewa maso gabas, shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki a yau, ita kuwa Ƙaramar Hukumar Katagum a Azare hedikwatarta take. A 1916, zamanin mulkin Turawa, aka dawo da fadar sarki Azare, sunan masarautar ya biyo ta.

Ba mu ne abokan tafiya na farko da suka iso wannan ƙasa a gajiye ba. A watan Janairun 1824 wasu Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da likita Walter Oudney, suka iso Katagum daga Kukawa tare da ayarin fatake. Sarki Ɗankauwa ya karɓe su, ya ba su masauki. Clapperton ya rubuta labarin ganuwar garin, ya kuma lura cewa a nan ya fara ganin ana ciniki da wuri. Oudney, wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, ya rasu a Murmur kusa da Katagum ranar 12 ga wannan wata. Abokinsa ya binne shi, ya ci gaba shi kaɗai zuwa Kano, daga nan Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tazarar da ayari ke kwashe kwana da kwanaki yana ci tsakanin Katagum da Kano, yau mota na cinye ta cikin 'yan sa'o'i.

Garin da ya san aikin gwamnati

Duk ma'aikacin da ya shigo Azare da tunanin zai burge mutane da katin shaidar ma'aikatarsa, gara ya mayar da shi aljihu. Ƙasar nan ta daɗe da sanin ciki da wajen aikin tarayya. Alhaji Sule Katagum ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya tun daga Jamhuriya ta Farko har zuwa 1975. Alhaji Aminu Saleh ya riƙe kujerar Sakataren Gwamnatin Tarayya daga 1993 zuwa 1995, kuma sunansa Kwalejin Ilimi ta Azare ke ɗauke da shi. Alhaji Mahmud Yayale Ahmed, ɗan Shira, ya yi Shugaban Ma'aikatan Tarayya daga 2000 zuwa 2007, ya yi Ministan Tsaro, sannan ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya daga 2008 zuwa 2011. Malam Adamu Adamu ya riƙe Ma'aikatar Ilimi shekara takwas, daga 2015 zuwa 2023. Shi kansa Mai Martaba Sarkin Katagum, Alhaji Umar Faruq na II, wanda ya gaji mahaifinsa Alhaji Muhammadu Kabir Umar a Disambar 2017, tsohon Babban Sakatare ne a gwamnatin tarayya.

Ana ganin sawun tarayya a garin: ga Kwalejin Gwamnatin Tarayya, ga babban asibitin tarayya da marasa lafiya ke zuwa daga jihohin maƙwabta, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021. Garin ya ɗanɗana wuya shi ma, domin a ƙarshen 2014 an kai masa hare-haren bam a tasha da bakin banki da kasuwar waya. Ya share hawaye ya ci gaba da harkokinsa.

Da daddare, a ƙofar masaukinmu, hira ta karkata kan batun Jihar Katagum, kamar yadda takan karkata a kusan kowace majalisa a nan. Neman jihar ya daɗe, kuma Taron Ƙasa na 2014 ya sa ta cikin jihohin da ya ba da shawarar a ƙirƙira. Hujjar da ake kafawa ita ce nisa: daga Azare zuwa fadar gwamnati a Bauchi tafiyar kusan kilomita 200 ce. Mutumin Abuja na iya ganin batun ƙarin jihohi a matsayin ƙarin ɗawainiya ga asusun tarayya, kuma yana da hujjarsa. Amma wanda ya wuni a mota kafin ya iso ya fi saurin gane abin da ake nufi da nisa.

Chinade

Washegari da hantsi muka bar tagwayen hanya muka nufi kudu maso gabas. Tafiyar gajera ce, amma canjin a fili yake. Kwalta ta tsuke, amalanken shanu ɗauke da dammunan gero da dawa suna raba hanya da motoci, yara suna kora tumaki, mata suna sussuka a bakin gona. Ƙaramar Hukumar Katagum ta doshi mutum 300,000 tun a ƙidayar 2006, kuma ba duka ke zaune a Azare ba. Akwai Madara, akwai Bulkachuwa, akwai Yayu da Gambaki da Bidir, garuruwan manoman gero da wake da gyaɗa da riɗi, waɗanda amfanin gonarsu ke cika kasuwannin da mutanen birni ke ci daga gare su.

A Chinade baƙo ba ya ɓuya. Tun kafin mu kashe mota an san mu ne mutanen Abuja. Wani dattijo, baffan amarya, ya taso ya tarye mu.

"Sannunku da zuwa, 'ya'yana. Kun sha hanya."

"Yawwa Baba, mun same ku lafiya? Ya taro?"

"Alhamdu lillahi. Ya kuka baro iyali? Ku shigo daga ciki, a ba ku ruwa tukuna."

Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo ruwa a kwanon sha, fura da nono suka biyo baya, sai masa da miya. Babu wanda ya tambayi matakin albashin kowa. Da lokaci ya yi aka taru a ƙofar masallaci, waliyyai suka matso gaban liman, aka ambaci sadaki, aka nema aka bayar, aka shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar, goro da alewa suka zagaya. Abin da ya sa muka yi tafiyar wuni guda bai ɗauki minti goma sha biyar ba. Abokinmu uban amarya ya riƙe hannun kowannenmu ya kasa cewa komai sai "Allah ya bar zumunci".

Bayan fatiha ne wani ɗaurin ya fara. Samari suka riƙa matsowa ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, kowa da ambulan mai ruwan ƙasa a hannu. A ciki akwai kwafin takardar digiri ko ta NCE, da shaidar hidimar ƙasa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. "Ranka ya daɗe, ko da Allah zai sa a ji wani abu." Wasu sun gama karatu shekara biyar ko shida da suka wuce, suna koyarwa a makarantun kuɗi ko suna taya iyayensu noma. Ba su san cewa a cikinmu babu mai ikon ɗaukar ko masinja ba, cewa ɗaukar aiki na bi ta Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya da ƙa'idar rabon gurabe tsakanin jihohi. Ko kuma sun sani sarai, sun dai ga yadda takardar da aka cike a intanet ke ɓacewa idan ba ta da mai bin sawunta.

Nan ne ma'aikaci ke shiga tsaka mai wuya. Idan ya ƙi karɓa, ya kunyata yaro a gaban jama'a. Idan ya karɓa ya yi alkawari, ya ɗora masa jiran da ba shi da ranar ƙarewa. Abin da ya fi dacewa shi ne ya karɓa, ya faɗi gaskiyar iyakar ikonsa, sannan ya yi abin da yake iyawa: ya sanar da su ranar da aka buɗe shafin ɗaukar aiki na gaskiya, ya gargaɗe su game da masu sayar da takardun kama aiki na bogi, ya duba musu yadda suka tsara takardunsu. Ƙaramin abu ne a Abuja, amma a Chinade labarin da ya iso kan lokaci yana da daraja.

Dattawa kuwa nasu tambayoyin daban ne. Suna son jin yaushe takin gwamnati zai riƙa isowa kafin shuka, ba bayan gero ya yi bununi ba. Suna tambayar wanda ke da alhakin gyaran rijiyar burtsatse idan ta lalace bayan an ɗauki hoto an tafi, da dalilin da mai naƙuda za ta kai har Azare kafin ta ga likita. Babu ɗaya daga cikin tambayoyin nan da ba ta da fayil a wata ma'aikata, ta tarayya ko ta jiha.

Abin da ya rage a kan tebur

Aikin gwamnati ya tanadi fita duba ayyuka, har da alawus ɗin kwana. Sanannen abu ne kuma cewa wani lokaci duban kan ƙare a otal ɗin babban birnin jiha, a kawo hotuna a waya, a rubuta rahoto, a koma. Tsakanin Bauchi da Chinade akwai tafiyar sa'o'i, kuma a cikin waɗannan sa'o'in ne bambanci ke ɓuya tsakanin aikin da aka kammala a takarda da wanda aka kammala a ƙasa. Hadimin minista ko na ɗan majalisa da ke tsara jerin ayyukan mazaɓa, idan bai taɓa barin tagwayen hanya ba, zai riƙa jibge komai a inda ayarin motoci ke iya tsayawa.

Gani ya kori ji. Ma'aikacin da gayyatar aure ko ta'aziyya ta kai shi irin wannan gari ya samu damar da ofis bai ba shi ba, kuma da kuɗin aljihunsa ya biya. Zai kyautu ya ƙara sa'a ɗaya bayan fatiha, ya leƙa makarantar firamare da ɗakin shan magani, ya tambayi sunan aikin da aka kafa wa allo aka bari. Ranar Litinin, idan ya koma tebur, wataƙila fayil ɗin yana ofishin da ke maƙwabtaka da nasa.

Damina za ta sake zuwa, Kogin Jama'are zai sake cika, ruwa zai sake neman hanyarsa ta ƙarƙashin kwaltar da ta haɗa Kano da Maiduguri. Ko kwalbatocin za su ɗauka ko ba za su ɗauka ba, ana yanke wannan hukunci ne tun da rani, a ofisoshin Ma'aikatar Ayyuka da ke Mabushi da kwamitocin kasafi na Majalisar Tarayya, watanni kafin hadari ya haɗu a gabashin Azare.